Abin Da Kulu Ta Faɗa A Cikin Sito

Shagari,
9 ga Oktoba, 2023

Zuwa ga Kawu Saminu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna Altine da duk mutanen gida. Yaya ƙafar nan, ta saki? Nan Shagari lafiya lau, zazzaɓin da ya kwantar da ni watan jiya ya wuce, sai godiya.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a hannun Mode direba. Ranar da na buga maka waya sai da duk malaman ofis suka san abin da ke cikina, kai kuwa kunnenka bai kama ko rabi ba. Wannan maganar kuma ba ta ofis ba ce.

Kawu, na gaji. Kai da mahaifiyata kakanku ɗaya kawai, amma ba wanda ya tsaya mini a kan karatu kamarka. Kai ka cike mini takardar shiga jami'a, kai ka ce in karanci halayyar yara da ba da shawara, wai makarantunmu suna mutuwa ne don babu mai sauraron yaro. Na ji maganarka. Yau shekarata uku a makarantar nan da sunan Malamar Shawara, bari in gaya maka shawarar da nake bayarwa.

Ofishina sito ne. Rabinsa karyayyun bencina, sai kwalayen alli da suka sha ruwa, da wata gangar fareti da ta fashe tun kafin in zo. Duk darasin da ya rasa malami nawa ne. Bana har aikin gona nake koyarwa, ni Rakiya da ban taɓa riƙe hauya ba. In kuwa yara sun makara ko sun yi faɗa, sai Firinsifal ya tsaya a taron safe ya ce, "A kai su wurin Malamar Shawara!" Su shigo mini hannu a baya suna neman inda na ajiye bulala. Shekara uku, wallahi ko yaro ɗaya bai taɓa zuwa da ƙafarsa ba.

Makon jiya wani mai karatun digiri na biyu ya zo da takardar tambayoyi, yana bincike a kan irinmu. Tambaya ta farko: shin kin gamsu da aikinki? Ga akwati biyar, in zaɓi ɗaya. Na ce masa wane aikin daga ciki? Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake. Ya ce cikin waɗanda muka gama tare ni kaɗai ya samu a kan kujerar. Suwaiba tana sayar da atamfa a Sakkwato, Ashiru ya koma koyar da lissafi, har ya yi ƙiba.

Roƙona ɗaya ne. Ka san mutane a ma'aikatar ilimi. Ka yi mini magana a cire mini wannan suna, a bar ni malamar aji kamar kowa. Gara in san alli ne aikina.

Ka gaida Inna.

'Yarka,
Rakiya

Bodinga,
15 ga Oktoba, 2023

Ɗiyata Rakiya,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso, mun gode Allah da kinka samu sauƙi. Ƙafa da dama. Kunne yana nan yadda kinka bar shi, ko da yake Innarki ta ce abin da nike so shi nika ji.

Na karanta sau biyu, na yi dariya wurin ganga, sa'an nan na daina dariya. Na san wagga gajiya. Amma ba ni yi miki magana ga kowa, ki ji da kyau.

Sa'ad da anka fara tura ni koyarwa, ƙauyen ko aji babu. Gindin tsamiya munka zauna shekara biyu, in iska ta taso allo ya faɗi kan yara. Iyaye suna ganina suna shigewa gida. Na rubuta takardar barin aiki har sau uku, tana nan cikin akwatina in kina son gani, rubutun ma ya fi naki kyau. Abin da ya tsai da ni yaro guda ne da ya biyo ni kasuwa da littafi yana tambaya. Shekara talatin da biyar na yi bisa wanga yaro guda.

Ke kina da gaggawa tun kina ƙarama, tuwo bai huce ba kin sa hannu. Ki ba ni wagga shekara. In zangon ƙarshe ya ƙare zuciyarki ba ta sake ba, ni da kaina zan hau mota in tafi Sakkwato, da sandata da komi.

Ruwa ya janye daga fadama, mun fara gyaran garka a Danchadi, albasa za mu sa. Innarki ta aiko miki da ƙuli da yaji, ki tambayi Mode, kada ya ce ya manta.

Allah shi yi miki albarka.

Kawunki,
Saminu

Shagari,
20 ga Nuwamba, 2023

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ina fatan dashen albasa ya kama. Ƙuli ya iso, sai dai na ga alamar ya sha hanya a bakin Mode. Ka yafe mini jinkiri, yau dai ga labari.

An zo, Kawu! Ranar Talata bayan an tashi tara, ina zaune a sito ina duba takardun aikin gona, sai na ji sallama ƙasa-ƙasa. Yarinya ce 'yar aji biyar. Na ce me kika yi, wa ya turo ki? Ta ce ba kowa. Oh ni, sai na rasa inda zan zaunar da ita, na share mata benci da gefen hijabina.

Ba zan faɗi sunanta ba, ƙa'idar aikinmu ke nan. 'Yar Mandera ce, tana zaune wurin gwaggonta nan cikin gari, babanta mai gyaran injin ban-ruwa ne. Yarinya mai baki, in ana muhawara ita ake turawa gaba. Shi ya sa Firinsifal ya zaɓe ta ta karanta jawabin ɗalibai ranar taron iyaye, ya miƙa mata shafi biyu.

Ta ajiye takardar a gabana ta ce, "Malama, in na gaya miki abu, ina yake zuwa?" Na ce ba ya zuwa ko'ina, nan yake tsayawa. Ta ce in rantse. Ba a koya mana rantsuwa a jami'a ba, amma na rantse. Sannan ta ce, "Ban iya karatu ba."

Na ɗauka tana nufin ba ta da sauri. Ina! Na nuna mata layin farko, ta kasa. Shekara goma sha ɗaya tana zuwa makaranta, Kawu. Ta ce baƙaƙen ba sa tsayawa wuri ɗaya, wannan ya juya ya zama wancan, kafin ta kama na uku na farko ya gudu. Tun firamare take zama kusa da ƙawarta Hajara, ita ke karanta mata a hankali, ita kuwa abu ya shiga kunnenta sau ɗaya ya zauna. Rubutun allo tana kwafarsa ne kamar zane. A jarrabawa ta leƙa ta zana abin da ta samu, ka kuwa san ba a maimaita aji yanzu, kowa gaba ake tura shi. Abin nan yana da suna a littattafanmu. Ba daƙiƙanci ba ne, ba kuma iska ba ce, ƙwaƙwalwarta ce ke kama rubutu ta wata hanya dabam.

Na karanta mata jawabin sau uku. Ranar Asabar ta tsaya gaban iyaye da takarda a hannu, tana juya shafi daidai inda ya kamata, ba ta tsallake kalma ɗaya ba. Babanta yana sahun gaba, bakinsa ya ƙi rufuwa. Ni kuwa ina baya, na san wannan ba magani ba ne, lokaci kawai na samar mata.

Abin da ta fi tsoro a duniya shi ne babanta ya sani. Ya gama gaya wa Mandera 'yarsa malamar asibiti za ta zama.

Yanzu tana zuwa kullum in an tashi tara. A jami'a sun koya mini sunan ciwon da yadda ake gane shi, amma ba wanda ya taɓa zaunar da ni gaban yaro ya ce ga yadda ake fara baƙi. Kai ka yi shekara talatin da biyar kana yi. Ka koya mini. Sai dai don Allah maganar nan tsakanina da kai ce, kada ta fita.

'Yarka,
Rakiya

Bodinga,
26 ga Nuwamba, 2023

Ɗiyata,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, dashe ya kama, sai tsutsa kaɗan. To madalla! Ban ce miki ba? Yau da kin koma malamar aji, wagga yarinya ina za ta?

Na ga irinta, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Mu ba mu san sunan abin ba, amma mun san bulala ba ta yi mashi komi, don mun gwada, Allah shi yafe muna.

Ki aje littafi tukuna. Ki samo faranti ki zuba rairayi, ta rubuta baƙi guda babba da yatsa tana faɗin sautinsa, ta share, ta sake. In kin samu yumɓu ta gina shi da hannu ta shafa, hannu yana tuna abin da ido ya manta. Da Hausa za ki fara, ki bar Turanci ya jira. Kada ki bi baƙaƙe jere, ki fara da sunanta da abin da take ci. Inda za ta fi wahala wurin b da d ne. Ni nakan ce masu b mai ciki ce, nata yana gaba, d kuwa mai goyo ce, nata yana baya. Sai sun yi dariya, amma ba su mantawa.

Baƙi biyu a mako sun isa. Na san ki, kada ki ce sai ta karanta jarida kafin hutu.

Maganarki tana wurina, ba ta fita.

Kawunki,
Saminu

Shagari,
14 ga Janairu, 2024

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gaida Inna. Mun dawo hutu lafiya. Ban ji daga gare ka ba, na san ban-ruwa ya riƙe ka.

Farantinka ya yi aiki. Mai ciki da mai goyo kuwa har yau in ta zo kansu sai ta murmusa. Na ji tsoron hutu zai share komai, ashe a Mandera tana ɓuya bayan rumbu tana yi a ƙasa.

Ranar Alhamis ta faɗo sito ba ko sallama, tana haki tana dariya. Akwai wani bango a kan hanyar gidan gwaggonta mai rubutu da jan fenti. Ta ce ta tsaya gabansa ta haɗa shi baƙi baƙi, ita kaɗai, ba Hajara. Ka san abin da aka rubuta? "An hana fitsari a nan." Ta ce, "Malama, shekara biyar ina wuce shi, wallahi na ɗauka addu'a ce, har nakan ce amin!" Muka yi ta dariya har hawaye, daga baya na ga nata hawayen ba na dariya ba ne.

Kawu, ban taɓa jin daɗin aiki irin na ranar ba. Na koma gida ina jin ni ma mutum ce, karatun da na yi bai tafi a banza ba.

Mun yi magana a kan babanta. Na ce mata wata rana dole ya sani, kuma ya fi kyau ya ji daga bakinta. Ta ce ta yarda, amma sai ranar da za ta iya ɗaukar shafi guda ta karanta masa da gaske. Ta ce in ta faɗa masa ta yi ƙarya shekara goma sha ɗaya, tana so a ce gaskiyar tana hannunta a lokacin. Na ga kafin damina za mu kai. Na ce mata ranar tata ce, ita za ta zaɓa, ba mai zaɓar mata.

Ka ci gaba da yi mana addu'a.

'Yarka,
Rakiya

Bodinga,
26 ga Janairu, 2024

Ɗiyata Rakiya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, da fatan kuna haka. Tun Nuwamba ban ga takardarki ba. An ce motar Mode tana gareji mako biyu ke nan, don haka na ba wata ma'aikaciyar asibiti da ke zuwa wajenku wagga takarda.

Na yi miki wani aiki da zai rage miki nauyi. Shekaranjiya injinmu na Danchadi ya ƙi tashi, anka kirawo wani mai suna Malami, mutumin Mandera, shi ne mai gyara duk yankin. Yana kwance inji yana ba ni labari, da ya ji ni tsohon malami ne. Wai ɗiyarsa ta karanta jawabi shafi biyu gaban iyaye a Shagari, ko tuntuɓe babu. Nan take na gane. Ya ce sunanta Kulu, ko ba ita ba?

Na bari ya gama, munka yi azahar, na ja shi gindin mangwaro inda ba kowa. Kin ce kada magana ta fita, ban fitar da ita ba, ko Innarki ba ta ji ba. Amma uba ba waje ne ba, Rakiya. Shi ya haife ta, shi za a tambaya gobe kiyama. Mutum yana alfahari gabana da abin da na san babu shi, in ci gaba da gyaɗa kai? Shekarata sittin da takwas, ban iya wannan ba. Mu yadda munka tashi, in babba ya ga abu ga ɗan wani, uban yaka samu a asirce, ba ya barin shi ya ji a bakin duniya.

Na bi a hankali. Na ce ba laifinta ne ba, lalura ce, kuma ana magani. Ya ce, "Mi kac ce, Malam?" Na sake faɗi. Ya ce wa ya gaya mini. Na ce malamar ɗiyata ce, ta rubuto neman shawara don alheri. Da na ga bai yarda ba, takardarki tana aljihuna, na karanta mashi wurin. Ya tattara sifanoninsa, ya yi mini godiya har sau biyu.

Za ki gan shi, ina zato, ya zo yi miki godiya. Yanzu ba ke kaɗai ke ɗauke da abin ba, gida ma za a taimaka. Ki rubuto in ji yadda kunka yi.

Kawunki,
Saminu

Shagari,
31 ga Janairu, 2024

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ni jikina lafiya.

Takardarka ta same ni jiya Talata. Malami, baban Kulu, ya riga ta, shi Litinin ya zo.

Bai zo wurina ba. Babur ɗinsa ya tsaya a ƙofar ofishin Firinsifal, aka ce tun daga waje ake jin muryarsa: shekara goma sha ɗaya yana turo yarinya, me aka koya mata, kuma wa ya shirya a yi masa wasa da hankali gaban iyaye? Firinsifal ya ce ƙarya ne, a makarantarsa ba ɗan aji biyar da bai iya karatu ba, a kirawo ta yanzu a gani. Ni ina can bayan makaranta ina nuna wa 'yan aji biyu yadda ake haɗa taki. Hajara ce ta zo da gudu ta kira ni.

Na tarar da Kulu tsaye a ofishin malamai. Malamai goma sha huɗu, ga babanta, ga Firinsifal ya rubuta layi guda a allo. Na ce a dakata, ba haka ake yi ba. Firinsifal ya ce in yi shiru, zai zo kaina. Kawu, ta gwada. Na ga yatsanta yana motsi a jikin hijabi, tana zana baƙin kamar a faranti. Ta karanta kalma ta farko. Ta karanta ta biyu, daidai. Wata biyu da suka wuce ko wannan ba ta iyawa, amma wa ya sani a ɗakin ban da ni? A ta uku ta tsaya. Wani malami ya yi dariya, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji.

Firinsifal ya yanke a mai da ta aji ɗaya. Ni kuma ya ce na ɓoye wa hukumar makaranta abu, na haɗa baki da ɗaliba an yaudari iyaye. Ba ta yi kuka ba. Sau ɗaya ta dube ni, ta hau bayan babur suka tafi Mandera. Kafin a tashi duk makaranta ta ji.

Tun Litinin nake tambayar kaina ta ina babanta ya ji, har na zargi Hajara, na tsare yarinya da tambaya tana rantsuwa tana kuka. Sai ga takardarka, wai ka yi mini aiki.

Haba Kawu! Haba! Na ce tsakanina da kai. Ni da kai mutum biyu ne, ina na ukun ya fito? Ka ce uba ba waje ba ne. A wurin yarinyar nan duk duniya ba wanda ya kai shi zama waje, daga shi take ɓoyewa, na rubuta maka haka da hannuna. Ba ka tarbiyyantar da ni in ɗaga maka murya ba, ba zan fara yau ba, amma raina ya ɓaci da kai ɓacin da ban taɓa yi ba.

Kuma in an bi gaskiya laifin farko nawa ne. Na ɓoye suna na bar sana'a da gari, kamar ban san ƙasarmu ba, inda mai gyaran inji ɗaya ne daga Mandera har Danchadi. Ni aka koya wa riƙon sirri, ni na rantse. Kai abin da ka saba ka yi.

Akwai takardata ta sha huɗu ga wata a wurin Mode. In ta iso ka karanta.

Rakiya

Bodinga,
5 ga Fabrairu, 2024

Ɗiyata,

Wa alaikumus salam. Takardunki biyu sun zo rana ɗaya, Mode ya fito da ta farko daga aljihun mota duk ta yi baƙin mai. Na karanta ta bayan ta biyu. Da na kai wurin da yarinyar ta ce tana so gaskiyar ta kasance hannunta, na aje takarda na fita garka, ban iya cin abinci ba.

Ba ni yi miki ƙarya. Har yanzu wani gefen zuciyata yana cewa uba yana da haƙƙin sani. Haka anka gina ni. Amma na ƙwace wa yarinya ranarta, ban san tana da ita ba, kuma ban tambaya ba. Da na jira mako biyu. Ni da nike ce miki mai gaggawa.

Ki yafe mini. Ki ba ni izini in tafi Mandera in samu Malami, in ya so in durƙusa ma ɗiyar tasa, ba ni jin kunya. Wanga karo ba ni motsawa sai kin ce.

Kawunki,
Saminu

Shagari,
3 ga Maris, 2024

Kawu Saminu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Inna, ina fatan an fara cirar albasa lafiya. Na yafe maka, tun ranar da na karanta takardarka. Kada ka je Mandera, na riga na je.

Ka fara jin na makaranta. Firinsifal ya sauko, har ya ce ashe ofishina yana da amfani. Ya ba ni sabon aiki: in gwada karatun kowane ɗalibi daga aji huɗu zuwa shida, in kawo masa sunayen waɗanda suka kasa, kafin wani uban ya sake zuwa masa da babur. Na ce wannan ba aikina ba ne. Ya ce to mene ne aikina?  Na fara makon jiya. Yanzu layi ake yi a ƙofar sito, suna shiga ɗaya bayan ɗaya, ba mai haɗa ido da ni. Na sami goma sha tara zuwa yanzu. In na ratsa fili sai hira ta mutu, na ji wata tana ce wa 'yar'uwarta ta yi shiru ga mai kai rahoto nan.

Ranar Asabar na hau mota zuwa Mandera. Malami ya karɓe ni da mutunci. Ba mugu ba ne, Kawu, ya rame. Ya ce fushinsa da makaranta ya yi, bai san a kan 'yarsa zai sauka ba. Ya ce ya roƙe ta ta koma, ko wata makarantar ce ya kai ta, ta ƙi. Ba ta yi masa musu, sai dai ta ce ya yi haƙuri.

Aka kira ta. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi makaranta, ta tambayi Hajara, kamar baƙuwar da ta zo daga nesa. Na ce saura kaɗan, Kulu, kafin damina za ki karanta shafi. Na ce ba sai a makaranta ba, ni zan riƙa zuwa duk Asabar. Ta ce Allah ya saka, kada in wahalar da kaina. Na ce to ki bar ni in gaya miki yadda aka yi.

Ta ce, "Na san yadda anka yi, Malama. Ni ban ce kin faɗa ma kowa ba. Baba ya ce ba faɗa kinka yi ba, rubutawa kinka yi, wani tsoho ya karanta mashi gindin mangwaro." Ta gyara zaman kofin da ke gabana. Ta ce, "Da ina ganin masu karatu ina jin sun fi ni. Ashe abin da aka yi da karatun ke nan. Na gode, ni ya ishe ni haka."

Na zauna har ruwan ya yi ɗumi. Ta raka ni bakin hanya, ta riƙe mini jaka har mota ta zo.

Kada ka aiko amsa, Kawu. Da sallah zan zo in gaishe ku kamar kullum, zumunci yana nan. Gobe Litinin, saura 'yan aji shida ban gwada ba.

'Yarka,
Rakiya